An Sare Rimin Tsohon Zangonmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hajara daga unguwar Maamobi.

Iyayena 'yan wani ƙauye ne a bakin tafkin Volta. Da aka gina dam, ruwa ya cinye tsohon zangonmu, har masallaci da maƙabarta. Rimin ƙofar maƙabartar kaɗai ya rage, busasshe, kansa a saman ruwa. Duk shekara bayan Babbar Sallah mukan je da kwalekwale, mu ɗaure a jikinsa, mu yi wa mamatanmu addu'a.

Bana na kai Mma, mahaifiyata, da ƙyar take takawa. Mai kwalekwale ya yi ta zagaye, babu rimi. Sai da na tsare shi da tambaya ya ce masu katako sun sare. Katako fa! Wa suka tambaya?

Mma ta ce, "Hajara, ina zan juya in gaida babana?" Ta tsoma hannu a ruwa, ta karanta Fatiha, muka juyo.

Jama'ar unguwannin Nima da Kawukudi, in akwai dattijon da zai gane wurin, don Allah ya neme ni ta gidan rediyon nan. Ban san ko Mma za ta ga wata Sallar ba.