Tattabarun Ɗansa

Ina zaune a rumfar mai gyaran keken ɗinki, ina kallon rana tana wasa a kan tsoffin ƙarafa, sai wani mutum ya zaro sabuwar bindigar iska daga buhu, ya miƙa wa mai gyaran.

"Maigida, kukanta nake so ka kashe. Da na harba sai ka ce an yar da faranti."

"Sifirin ne ke rawa a ciki. In na shafe shi da giris mai kauri, na sa masa rigar roba, za ta yi laushi. Amma in ɓera za ka harba, ina ruwansa da ƙara? Wa kake gudun ya ji?"

"Uwar ɗana."

"Subhanallahi!"

"Kai ma dai! Ba ita zan harba ba, tattabarunsa ne. Shi ya tafi neman arziki, ko waya ba ya yi. Su kuwa kullum magariba sai sun dawo, ta fito tana watsa musu hatsi, idonta na kan ƙofa. Na gaji da ganin haka. Gara ta ɗauka su ma guduwa suka yi, ta haƙura."

Mai gyara ya ci gaba da shafa giris, bai ɗago ba.

Telan da ke rumfar kusa ya tsayar da kekensa.

"To Malam, in sun ƙare, wa zai riƙa dawo mata da magariba?"