Mutumin da Ke Motar Ƙarshe

Mai girma Fasto Lindqvist, dattawan coci, shugaban ƙungiyarmu ta masu motar gida, wato motar da ake kwana a cikinta, uwargida Marlys matar marigayi, 'ya'yansu Curtis da Janelle, jikoki, da ku 'yan'uwana matafiya da kuka cika filin cocin nan da motoci har babu wajen juyawa, ina gaishe ku. Sannunmu da rashin Orval Hustad.

Ni ne Duane Pekarek, madugun ayarin da ke tashi daga nan Minnesota zuwa Alaska duk watan Yuni. An ce in yi minti biyar. Ba zan iya ba, ku yi haƙuri. Akwai maganar da dole ta fito kafin Asabar, ranar da Curtis zai sayar da motar babansa, wai don mamansa ba ta iya tuƙa ta ba.

Orval ya kasance mutumin da ya fi kowa raina mu. Ranar da muka fara haɗuwa a wani gidan mai cikin yankin Yukon na ƙasar Kanada, motocinmu ashirin da biyu a jere, kowace da lambarta a gilashi, sai ga wani dogo ya leƙo ta taga yana mana kukan tumaki. "Mee! Madugu, yau ka ba su izinin fitsari kuwa?" Na ce masa mu dai ba mu taɓa kwana a gefen titi don rashin masauki ba. Ya ce, "Ni kuma ban taɓa barin tafkin da kifi ke cin ƙugiya ba don wani ya busa usur." Wallahi na ji haushi, don da safiyar nan na taso mutanena daga irin wannan tafkin.

Kwana biyu bayan haka ƙarfen ƙafar mota mai lamba goma sha huɗu ya karye, kuma mai tsaron bayanmu, wato wanda ke tsayawa da duk motar da ta lalace, yana asibiti. Wa ya tsaya? Mai kukan tumaki! Kwana uku yana ƙarƙashin motar mutanen da bai san sunansu ba, sauro na cin sa, Marlys na soya musu kifi. Da suka iske mu na ce masa ya zama mai tsaron bayanmu. Ya ce, "Allah ya kiyaye. Ni ba na cikin ayarinku. Hanya ɗaya muka nufa, kuna gabana kawai." Shekara goma sha uku muna gabansa kawai, jama'a, bai taɓa yarda an manna masa lamba ba!

Ya kasance mai tashi kafin kowa da ɗan kulkinsa, yana bin tayoyinmu ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, kunnensa na gaya masa wadda ta sace. Ya kasance wanda in ka ɓata hanya ka ga fitilarsa a madubi, sai hankalinka ya kwanta. A garin nan ma, wace tsohuwa ce bai kwashe wa ƙanƙara daga ƙofar gida ba? Ya kasance mai musu, e, har ya koma ga Ubangiji yana cewa tafiyar ayari tafiyar matsorata ce, ni kuma ina cewa tafiyar kaɗaici ta masu taurin kai ce. Mun yi musun nan a kan kofi ya fi dubu, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Curtis ɗana, da ke Janelle, ku saurare ni da kyau. Shekara huɗu da suka wuce idon babanku ya fara dushewa. Wata rana masu gyaran hanya suka tsayar da mu, na taka har ƙarshen layi don in gaisa. Wa zan gani a sitiyari? Mamanku, da hular Orval a kanta! Shi kuma yana gefe da taswira a cinya, wadda ko ganin ta ba ya yi. Ya ce, "Madugu, in ka faɗa ina da rai, sai na sace maka tayoyi duka." Ai babu mai waiwayen motar ƙarshe, shi ya sa babu wanda ya sani. Sau huɗu matar nan ta kai motar can ta dawo da ita, ta duwatsu, ta tsakuwa, ta gadojin da ni kaina nake riƙe numfashi a kansu, ko madubi ba ta fasa ba. Kai, ni da nake madugu sau biyu ina faɗawa rami!

Jiya na je na ce mata, "Marlys, bana ki zo ki bi bayana, lamba biyu, ina ganin ki a madubi." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Duane, shekara goma sha uku ina kallon bayan motocinku. Na gaji. Zan riga ku tashi da mako guda, in tsaya inda na ga dama." Ashe ra'ayinta irin na mijinta ne. Orval, ka ci musun, ka ji daɗi.

Na san tsoro ne, Curtis, ba mugunta ba. Ka rasa uba, ba ka son ka rasa uwa a kan hanya. Amma in ka sayar da motar nan ranar Asabar, kujerar falo ka saya mata, kuma a kanta za ta tsufa cikin wata shida. Makullin yana aljihunka, ɗazu na ji ƙararsa. Ga mamanka nan kusa da kai.

Mun gode wa Fasto, mun gode wa matan coci da suka dafa abincin da ke jiran mu a ɗakin ƙasa na cocin nan, mun gode wa waɗanda suka tuƙo kwana biyu don su zo.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Orval, ka ba shi hutawa. Ka sanyaya zuciyar 'ya'yansa. Ka kuma tsare Marlys a hanyar Alaska, domin bana babu kowa a bayanta sai kai. Cikin sunan Yesu, amin.