Man Zaitun da Gabata da Bube

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni tsohon manomin albasa na daga Kwargaba. Ban yi boko ba, ɗiyata ta rubuta mini.

Ranar da likitan shirinku na rediyo ya ce man zaitun shina da sinadarai masu kare ƙwaƙwalwa, na aika aka sayo. Dalilina guda: ban son in mance waɗanda suka cuce ni, musamman Bube, abokina na ƙuruciya, wanda ya tare mini ruwan fadama har albasata ta ƙone. Tun sannan ba mu magana.

Wata guda ina shan cokali kullum, sannan na tafi in amayar masa da abin da ke raina. Na ishe tsufa ya cinye tunaninsa. Da ganina ya washe baki: "Ja'iri! Ina ka shige? Zo mu ci kwaɗo!"

Na ce, "Ruwana fa?"

Ya ce, "Ruwan mi?"

Wallahi sai na zauna. Yanzu kullum da hantsi tare muke ci, ina zuba masa man.

Ku tambayar mini likita: in tunaninsa ya dawo, faɗan ma zai dawo? In haka na, in rage masa cokalin. Ina gaida Bube.