Takardar Gwauro

Gana ta kori baƙin da ba su da takarda, namu suka dawo cike da motoci. A tashar Dogon Dutsi na ji biyu daga cikinsu, wani mai jar hula da wani dogo mai zanen Arawa a fuska, suna jiran motar Kore Mairuwa.

"Kada ka haɗa ni da kai, ɗan'uwa," in ji mai hula. "Kai ta daji ka shiga. Ni da takardata, har da hoto."

"Gaskiya ne, malam," in ji dogon. "Ni ɗan sanda zanen fuskata kawai ya duba, ya nuna mini mota. Kai fa?"

"Ni cewa ya yi in koma shagona."

"To mi ya zaunar da kai kan buhu ɗaya da ni?"

Mai hula ya gyara zama. "Mai ɗakina. Ita ba ta cikin takardar."

"Mantawa ka yi kana da mata?"

"Ranar da aka yi takardar, akawu ya ce in faɗi sunanta. Matata ta fari ce, ga kawunta tsaye bayana. Ta ina zan buɗe baki? Na sunkuyar da kai, shi ko ya rubuta gwauro."

Dogon ya yi dariya har da tari. "Yanzu dai ka koyi faɗin sunan?"

"Haba, ba a yi."

"Shagon fa?"

"Yana Kumasi cike da kaya. Da aka sa mai ɗakina mota, ko ƙofa ban tsaya rufewa ba."