Na Hana 'Yan Dubiya Shiga Gidana

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da wannan shiri na rediyo. Baba Ɗanlami ne daga wajen Makoda. Ban yi boko ba, ina faɗa ana rubutawa.

Jikata Hauwa mai sikila ce, aka yi mata dashen ɓargon yayarta. Bayan an sallamo ta, ƙuraje suka feso mata, ga gudawa. Likita ya ce sabon ɓargon ne ke yaƙar jikinta. Ya ba da maganin kwantar da shi, amma ya ce maganin na raunana garkuwar jiki, mura ma na iya kashe ta.

Tun zamanin kakana ba a taɓa mayar da ɗan dubiya daga zaurenmu ba. Ni na fara. Na shimfiɗa buzu a bakin ƙofa, ina karɓar gaisuwa a nan. Aminina Malam Sule ya zo yana tari, ya ce, "Ɗanlami, har ni?" Na ce, "Har kai."

Alhamdulillahi, ƙurajen sun bushe, Hauwa na cin tuwo. Allah ya saka wa likitoci da alheri. Sai dai Sule ya daina amsa sallamata. Jama'a, yaya zan shawo kansa? Sule, na san kana ji: Hauwa kullum sai ta tambaye ka.