Buhunan Wake a Ɗakin Inna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wanga taro. Ranka ya daɗe uban ƙasa, Allah shi ja zamaninka. Hakimai da masu unguwanni da sunka taso tun daga Bodinga da Dingyadi da Lambara har nan Shagari. Allah gafarta malamai, limamanmu da masu karantar da ɗiyanmu Alƙur'ani. Shugabannin ƙungiyar manoma. Iyayenmu mata da ke can rumfar baya. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Bilyaminu, ma'aikacin lahiya, haihuwar Lambara. Ina godiya ga ƙungiya da ta ba ni dama in yi magana kan tsabtar iskar da muke shaƙa cikin ɗakunanmu da wuraren sana'armu. An roƙe ni in taƙaita, an kuma roƙe ni kada in kama sunan kowa. Na farkon zan ƙoƙarta. Na biyun kuwa, ranka ya daɗe, a yi mini gafara, don yau raina a ɓace shike, kuma maganar da ke bakina mai suna ce.

Da farko, kowa nan ya san ƙwayar maganin da muke sa wa buhun wake da gero don kada ƙwari su cinye mana wahalar damina. Muna naɗe ta a tsumma, mu cusa cikin buhu, mu ɗaure baki, mu ce mun gama. To, jama'a, ƙwayar nan ba a ci take kisa ba kaɗai, a shaƙa take kisa. Narkewa take sannu a hankali ta zama guba cikin iska, ta ratsa buhu ta cika ɗaki, kuma ba ta tambayar wanda ke numfashi ko ƙwaro ne ko mutum.

Na biyu shi ne inda muke aje buhun. Tun da ɓarayi sunka fara fasa mana rumbuna, sai munka koma ga dabarar da ta fi kwanta mana a rai: abin da ya fi daraja a gida, ɗakin uwa aka kai shi. Can ƙuryar gida ne, baƙo ba ya shiga, yaro ba ya ɓarna, tsohuwa tana bisa gadonta tana gadi ba albashi. Tagar ɗakin kuwa, wadda da ma ba ta fi tafin hannu biyu ba, an toshe ta da tsumma don kada sanyi shi taɓa ƙashin Inna. Ƙauna ce ta sa munka toshe, ban musa ba. Amma ku haɗa ƙwayar nan da ɗakin nan, ku gaya mini abin da munka gina wa iyayenmu.

Abin da ya faru gidan Malami na Lambara ke nan, ga shi can zaune gefen masu albasa. Bayan kaka ya sa wa wakensa magani, ya jera buhuna a ɗakin mahaifiyarsa. Tare da tsohuwar ake kwana da Hafsat, ɗiyar ƙanensa marigayi, marainiyar da matarsa Mairo ta riƙa tun tana rarrafe. Wata safiya aka tarar da tsohuwa da jika suna amai, ƙirji ya riƙe, numfashi sai da ƙyar. Aka kwashe su zuwa asibiti Sakkwato. Allah Ya yi da sauran kwana, sun dawo, ko da yake har yau Hafsat ba ta iya gudu da tsararrakinta.

Kafin motar ta kai Sakkwato, mu can Lambara mun gama shari'a. Munka ce ai tukunya guda anka ci, me ya sa Mairo da ɗiyan cikinta lahiya lau, sai uwar miji da marainiya? Daga bakin rijiya maganar ta hau kasuwa, daga kasuwa ta shiga zaure, har ta kai ga mutanen da ke sallah sahun farko. Ba wanda ya tambayi ina kowa ya kwana, kowa abin da aka ci shike tambaya. Mairo ta yi rantsuwa har muryarta ta dushe, anka ce ta tattara ta tahi gidan ubanta Dingyadi a ga abin da hali zai yi. Tana can har yanzu da nake maganar nan, ba saki ba zama, ba ta iya leƙa ƙofar gida don kunya.

Aikina ya kai ni ɗakin nan. Ina ɗaga labule wani wari ya buge ni kamar na tafarnuwar da ta ruɓe, kaina ya sara, na ja da baya. Da munka cire tsumman taga iska ta ratsa, na leƙa ƙarƙashin gadon Inna. Akwai kazarta da ke kwanci can, ta mutu bisa ƙwanta. Ga ɓeraye biyu a bushe bayan buhuna. Jama'a, ina tambayarku don Allah, kazar nan ita ma tuwon Mairo ta ci?

Na kira Malami na nuna mishi da idonsa. Sai ya ce mini: “Bilyaminu, wallahi na gani, kuma na san ba ta yi ba. Amma in nim maido ta, mi mutane za su ce? Cewa za su yi ta shanye ni, na sai da uwata da ɗiyar ƙanena.”

Na ce da shi: “Malami, su wa ne mutanen?”

Ya ce: “Kai ma ka san su.”

Na san su ƙwarai, ranka ya daɗe, don ga su nan gabana sun cika rumfa. Shi ya sa na je Dingyadi na nemi izinin yin maganar nan wurin mahaifin Mairo, Malam Zainulabidin, wanda da yawanmu a gabansa munka koyi Fatiha, ga shi nan kusa da liman. Ya ce mini: “Je ka hwaɗi. A bainar jama'a anka ɓata ta, can za a wanke ta.”

Na uku, kada wanda ba ya noman wake shi ce ya tsira. Tela da ke tada janareta cikin shago ya ja ƙofa don kada hayaniya ta dami maƙwabta, da mai jego da anka kai wa kaskon gawayi anka rufe mata ɗaki ruf, da uwar da ke hura itace a madafa ba taga da goyo a bayanta, duk hanya guda suke bi. Ku fitar da janareta waje nesa da taga. Ku bar gawayi shi ci a tsakar gida, kada a kwana da shi. Ku fasa wa madafa taga. Buhun da anka sa wa magani kuwa, a ba shi ɗakinsa daban inda ba mutum ba dabba. Wanda ba shi da wurin, shi nemi buhun nan mai leda ciki da ke kashe ƙwari ba magani. In kuma kun ga mutanen ɗaki guda sun tashi da ciwon kai da amai tare, ku fito da su sarari, ku ruga asibiti, ku binciki ɗakin kafin ku binciki mai girki.

Yanzu sauran magana taku ce. Duk wanda har yanzu zuciyarsa ke gaya mishi Mairo ta sa wani abu a tuwo, ga uban ƙasa, ga liman, ga mahaifinta, shi tashi shi faɗa mu ji. Zan saurara.

Ba kowa? Can rumfar baya fa, iyayenmu, ba kowa?

To, Malami, ka ji mutanen da kake tsoro. Bakin da ya kore ta ya yi shiru, saura kai.

Ga Malami ya tashi, ku ba shi hanya, jama'a. Ku matsa, ku bar shi shi isa wurin surukinsa. Kada kowa shi yi tafi, ba abin tafi munka yi ba.

Ya Allah, Ka yafe mana abin da harsunanmu sunka ɗauka. Ka sanyaya zuciyar baiwarKa Mairo, Ka mayar da ita ɗakinta da mutuncinta. Ka cika wa Hafsat da kakarta lahiya. Ka tsare mana amfanin gonakinmu, Ka tsare mu daga sharrin dabarunmu. Ka ƙara wa uban ƙasa lahiya da adalci, Ka kai kowa gidansa cikin aminci.

Roƙona na ƙarshe: na san akwai waɗanda ke zaune nan alhali buhunansu na jingine da gadon uwarsu. Kada ku tsaya cin abincin taro. Ku tahi ku fitar da su, ku zare tsumman taga.

Na gode.