Italiyancin Baba Aníbal

ANÍBAL: Halo? Halo, Griselda? Kina jina?

GRISELDA: Ina jinka, Baba. Ba sai ka yi ihu ba.

ANÍBAL: A'a, 'yata ta kaina! Ina kwana? Au, ku can Brescia ta Italiya rana ta take ko? Ina wuni ke nan.

GRISELDA: Lafiya lau. Ina kwana.

ANÍBAL: Lafiya ƙalau, mun gode Allah. Ya gida? Ya maigidan naki Ettore, ya aikin nasa?

GRISELDA: Yana lafiya.

ANÍBAL: Jikata fa, mutuniyata Giada? Ya surukarki, Signora Ornella, da ƙafar tata?

GRISELDA: Kowa lafiya. Ya garin Rosario?

ANÍBAL: Rosario sai ruwa. Sanyi ya fara leƙowa, rufin kicin kuma ya koma yoyonsa. Ga ni dai zaune da shayin mate. Doña Chela ta maƙwabta tana gaishe ki, kullum sai ta tambaye ki.

GRISELDA: Ina amsawa. Baba, yau Lahadi, iyayen Ettore sun zo cin abinci. Muna kan tebur.

ANÍBAL: Kan tudu? Me kuka hau yi?

GRISELDA: Tebur! Abinci muke ci!

ANÍBAL: Oho, layin ne ke cin magana. Ba zan tsare ki ba. Na ce dai in gaya miki akwati ya haɗu, Alhamis sai jirgi. Har kwat na kai an guge mini saboda ranar da Giada za ta fara karɓar jibin Ubangiji a coci. Sannan akwai wani abu da na ɓoye miki.

GRISELDA: Mene ne kuma?

ANÍBAL: Ki saurara da kyau. Io parlo italiano!

GRISELDA: Me ka ce?

ANÍBAL: Italiyanci nake koyo! Tun bara nake zuwa aji a kulob ɗin unguwa, wajen wata Malama Nélida. Yarinyar nan ba ta jin Sifaniyanci, kullum na kira sai dai in yi ta numfashi a waya kamar ɓarawo. Na ce wannan karon da bakina zan yi hira da jikata.

GRISELDA: Kai? Italiyanci? Kai da ka ce mini harshen masu tuƙa taliya ne ranar da na fara karatunsa?

ANÍBAL: Kai, Griselda, ba kya mantuwa. Gwada ni ki gani. Mun gama kalmar parlare kaf, wato "yin magana": na yanzu, na jiya, na gobe, har da na "da a ce". Malama ta ce in mutum ya riƙe wannan ɗaya, ya riƙe 'yan uwansa masu yawa, duk hanya ɗaya suke bi.

GRISELDA: Haka ta ce? To tsaya in gyara wayar. Yawwa. Fara da na yanzu. Ka ɗaga murya.

ANÍBAL: Ɗazu kin ce kar in yi ihu.

GRISELDA: Yanzu na ce ka ɗaga.

ANÍBAL: To. Ni ina magana, io parlo. Kai, tu parli. Shi, lui parla. Mu, noi parlamo...

GRISELDA: Parliamo. Ka haɗiye harafi guda.

ANÍBAL: Parliamo, haka ne, haƙorin roban nan ne. Ku, voi parlate. Su, loro par-LA-no.

GRISELDA: PAR-lano. A farko nauyin yake. Kai ka ja shi kamar kana kiran fasinja a bas ɗinka na da. Sake.

ANÍBAL: PAR-lano.

GRISELDA: Sake.

ANÍBAL: PAR-lano. Ya yi?

GRISELDA: Da sauran gyara. Kawo na jiya.

ANÍBAL: Wannan ai ruwa ne! Ho parlato, na yi magana. Akwai kuma na abin da mutum ya saba yi a da: parlavo, parlavi, parlava. Kin ji ko? Ko tuntuɓe babu.

GRISELDA: Wannan ko aku aka koya wa zai faɗa. Na gobe.

ANÍBAL: Zan yi magana: io parlarò.

GRISELDA: Parlerò! E ne, ba A ba. Shekara guda kana zaman aji ba ka raba A da E ba? Kujera kake ɗumama wa Malamar?

ANÍBAL: Haba 'yata, kan tsoho ne. Yana ɗauka, yana zubarwa.

GRISELDA: To mu ji na "da a ce" da kake taƙama da shi. Ka ce: da a ce ina magana da kyau.

ANÍBAL: Tsaya... wannan yana da ɗan santsi. Se io... se io parlerei bene...

GRISELDA: Maimaita, ba a ji ba.

ANÍBAL: Se io parlerei... Halo? Wace hayaniya ce wannan? Layin ne?

GRISELDA: Ba layi ba ne.

ANÍBAL: Kamar dariya nake ji. Wa ke tari haka?

GRISELDA: Signora Ornella ce, ruwan inabi ya shaƙe ta. Tsohuwar malamar makaranta ce, ta ce yaron da ya faɗi haka a ajinta bayan ƙofa yake wuni. Se io parlassi ake cewa. Parlerei na ɗaya ɓangaren jimlar ne.

ANÍBAL: Ta ce? Yaya aka yi ta ji ni?

GRISELDA: Na buɗe lasifikar wayar, tana tsakiyar tebur kusa da kwanon cuku. Kowa na jinka tun daga parlamo. Ettore har ya ajiye cokali.

ANÍBAL: Griselda.

GRISELDA: Na'am.

ANÍBAL: A gaban surukanki? Ni ubanki?

GRISELDA: Ai nishaɗi ne, Baba. Abincin Lahadi ba ya daɗi sai da abin dariya. A wajenka na koya.

ANÍBAL: A wajena?

GRISELDA: Ka manta gashin naman Lahadi a bayan gidanmu? Kai da abokanka direbobi, kowa da kofinsa. Ka ɗora ni kan kujera, ka ce in karanto muku lissafin sau bakwai. Ka san ina in'ina. In na maƙale sai ka kwaikwaye ni: "ba-ba-ba-bakwai!" Abokinka Don Cacho har yana dukan tebur. Mama tana leƙowa ta taga, ba ta isa ta ce uffan ba.

ANÍBAL: Kai! Abin da ya wuce tun kina 'yar ficiciya? Wasa ne fa.

GRISELDA: Wannan ma wasa ne.

ANÍBAL: Kuma ba ga shi ya yi miki amfani ba? Da ban yi miki haka ba, da har yau harshenki na sarƙewa. Ni na warware miki baki, har kika samu na zagina da shi cikin harsuna biyu.

GRISELDA: Madalla. To ni ma warware maka nake yi.

ANÍBAL: Kashe lasifikar nan.

GRISELDA: Na kashe. Na ma tashi, ina kicin.

ANÍBAL: Shi ke nan, ya wuce. In na zo ma yi magana ido da ido. Ranar bikin dai ina so in ce wa yarinyar kalma biyu a gaban mutane, gajere, na haddace shi sarai. Akwai kuma sarƙar marigayiya mamarki, mai ɗan gicciye, na kai an wanke ta. Ita za ta saka a coci.

GRISELDA: An yi bikin.

ANÍBAL: An yi me? Layin nan fa...

GRISELDA: Layi lafiyarsa ƙalau. An yi bikin Lahadin da ta wuce. Ta saka farar riga, an ɗauki hotuna, an ci an sha, an watse.

ANÍBAL: Fadan cocin ne ya matso da ranar?

GRISELDA: Babu wanda ya matso da komai.

ANÍBAL: Amma ke kika ce mini ƙarshen wata. Na maimaita, kika ce e.

GRISELDA: Na ce.

ANÍBAL: Kuskure kika yi ke nan.

GRISELDA: Ban yi kuskure ba, Baba. Ni na san bambancin jiya da gobe.

ANÍBAL: Ikon Allah. Duk unguwa ta san zan tafi. 'Yan ajinmu har walima suka yi mini. Tikitin fa?

GRISELDA: Naka ne. Ka zo in kana so, Italiya ba tawa ba ce. Sai dai ɗakin baƙi ƙanwar Ettore na ciki. Akwai masauki kusa da tashar jirgin ƙasa, ka gwada parlare ɗinka a kansu.

ANÍBAL: Ba ni yarinyar.

GRISELDA: Tana cin abinci.

ANÍBAL: Ba ni ita, na roƙe ki. Saboda ita na zauna cikin yara sa'o'in jikokina ina cewa parlo, parli. Ko gaisuwa ce in yi.

GRISELDA: Kai ka nema. Giada! Ga ta nan.

ANÍBAL: Giada? Ciao, Giada! Io... io sono il nonno. Kakanki ne. Io parlo... parlo con te. Da ke nake magana, 'yar gidana.

GIADA: Mamma, perché parla così? È ubriaco?

ANÍBAL: Parla! Griselda, kin ji? Parla ta ce! Na gane, na rantse na gane! Na yanzu ne, "shi yana magana", ni take nufi! Kin gani ko? Karatun bai tafi a banza ba. Giada, brava! Sake faɗa wa kaka!

GRISELDA: Ta miƙo mini wayar, ta koma tebur.

ANÍBAL: Ba komai, kunya ce ta yara. Amma ɗaya kalmar fa, ta ƙarshen? Ubri... ubri me? Ba mu zo wajen ba a aji.

GRISELDA: Kana so ka sani?

ANÍBAL: Gaya mini in riƙe, kalmar farko ce da jikata ta ba ni.

GRISELDA: Cewa ta yi, me ya sa yake magana haka. Sannan ta tambaya ko ka bugu ne.

ANÍBAL: Ko na...

GRISELDA: Abincina na hucewa, Baba. A gaida Doña Chela.

ANÍBAL: Tsaya, tsaya! To Alhamis wa zai tarbe ni a filin jirgi? Griselda? Halo? Halo!